Adireshin da Ba Ya Canzawa

Litinin, 4 ga wata, 7:15 na safe

Na buɗe shago da wuri. Na share, na goge gilashin injin kwafi, na cika masa takarda. Kwana goma sha biyar ke nan da rashin da muka yi.

Jiya Nas ta kira ni, shugabar ƙungiyarmu ta iyalan masu sikila. Ta ce, "Sakatare, ba takura maka zan yi ba, amma maganar shafinmu na intanet tana nan tana jira. Taro ranar Asabar, ashirin da uku ga wata. In ba za ka iya ba, sai a ɗage." Na ce zan iya. Ban san me ya sa na ce haka ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juya shi. Tun kafin abin da ya faru aka sa ni in ji ra'ayin mambobi a kan samfuri biyu.

Na ɗaya shi ne wanda na gina shekara uku da suka wuce, mai firam. Wato allon an raba shi uku kamar taga mai katako: sama sunan ƙungiya, hagu jerin sassa, waɗannan biyun ba sa motsi. Na tsakiya ne kawai ke canzawa in an shiga shafukan ciki.

Na biyu ba firam, kowane shafi da adireshinsa. Wani mai kiran kansa Baƙin Allo a dandalin masu koyon gina shafi ne ya ba mu kyauta. Ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Jerin hagu na samfuri na ɗaya rubutun hannun Auta ne, ƙanwata. Da shuɗin biro ta yi shi, ni kuma na ɗauka a wannan injin. Ta ce, "Yaya, rubutun kwamfutar nan taka kamar takardar sallama daga asibiti. Kawo in yi na mutane."

Ra'ayi zuwa yau: na ɗaya, shida. Na biyu, babu.

Talata, 5 ga wata, 1:40 na rana

Na ɗaya, goma sha ɗaya. Na biyu, guda, shi ma mutumin ya sake kira ya ce kuskure ya yi.

Duk bakinsu ɗaya: a bar mana hannunta. Maman 'Yan Biyu ta turo saƙon murya na minti uku, rabinsa kuka. Ta ce duk sanda ta shiga shafin sai ta ga kamar Auta ce tsaye a gefe tana nuna mata hanya.

Na rubuta kowane ra'ayi a layinsa, da sunan mai shi da lokaci.

Ban buɗe dandali ba.

Laraba, 6 ga wata, 6:50 na safe

Zan rubuta shi sau ɗaya, a jere, ba zan sake ba.

1. Juma'a, ƙarfe uku da minti goma, likita ya fito ya ce jinin da suke da shi bai dace da nata ba, a nemo. Nata O negetib ne, ga shi an sha yi mata ƙari tun tana 'yar shekara huɗu, jikin ya zama mai zaɓe. Na 'yan'uwa duk an gwada tun tuni, babu wanda ya yi.

2. Na hau babur na zo shago, don a nan kwamfuta take. Na buɗe sabon shafi a ƙarƙashin Sanarwa, a ƙarƙashin Neman Taimako, inda irinsa ya kamata ya zauna. Na sa rukunin jini, sunan asibiti, lambar ɗaki, lambata da ta mijinta. Na karanta sau biyu. Har waƙafi na gyara.

3. Ban sa bayanin a cikin saƙon waya ba. Ta taɓa sa ni alkawari: "Kada ka yawata da sunana a wayoyin mutane kamar cigiyar akuya." Sai na rubuta: Ana neman jini da gaggawa, bayani yana nan.

4. Na kwafi adireshin da ke saman allo na liƙa. Na tura wa mutum tamanin da huɗu, na ce kowa ya tura gaba.

5. Na koma na zauna a bencin asibiti, waya a hannu.

6. Lahadi da safe.

Ranar Alhamis, da masu gaisuwa suka ragu, na zo shago na duba ƙidayar masu shiga. Shafin farko, Juma'a zuwa Lahadi: 1,412. Shafin neman jini: 9. Biyar daga ciki ni ne.

A shafi mai firam adireshin sama ba ya canzawa, ko ina ka shiga. Abin da na tura wa mutane shafin farko ne: Barka da zuwa, da hotonmu muna murmushi a gaban allo. A waya kuwa jerin hagu ba ya ma fitowa yadda za a karanta.

Mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu sun zo. Babu wanda ya san haka sai ni.

Alhamis, 7 ga wata, 5:30 na yamma

Injin ya cinye takarda sau huɗu. Shi ke nan.

Juma'a, 8 ga wata, 6:10 na yamma

Na biya wajen Inna. Tana zaune a bakin gado, ta ja labule duk da rana ba ta faɗi ba. Kwalaben maganin Auta na nan a jere kan taga, ta hana a taɓa.

Ta ce, "Ka rame."

Na ce aiki ne.

"Aikin me? Aikin waɗancan mutanen?" Haka take kiran ƙungiya yanzu. "Shekara nawa kana yi musu bauta, kai da ita? Kowa ɗansa ya kwanta, ita ce da ciwonta za ta ɗauki kwano ta je. Mutum tamanin ka roƙa, ɗana. Ko ɗaya bai tako ba."

Na ce, "Inna, wasu sun zo, jininsu ne bai dace ba."

"Huɗu. Na ƙirga. Sauran fa? Ba su da maƙwabta? Ba su da abokai?"

Ta ce Maman 'Yan Biyu ta zo shekaranjiya, ta sa aka ce tana barci.

Bakina ya buɗu. Na ji shi ya buɗu. Abin da ya fito shi ne, "In kawo miki ruwa?"

Asabar, 9 ga wata, 12:20 na rana

Na hango Injiniya, mijin Auta, a tsallaken titi kan tsani, yana ɗaura waya a allon wani kanti. Ba injiniya ba ne, gyaran wuta yake yi, ita ce ta laƙaba masa don tsokana har ya bi shi. Na ɗaga hannu. Ya juya fuska ga bango ya ci gaba da murɗa abin da na tabbata ya riga ya ɗauru.

Tun ranar bai kira ni ba. A da kowace Asabar sai ya leƙo ya ce, "Yaya, a buga mini takardar zama mai kuɗi, kwafi biyu."

Ko ya sani? Ta yaya zai sani? Shi ko saƙo sai ta rubuta masa.

Na ɗaya, goma sha tara. Na biyu, babu.

Litinin, 11 ga wata, 7:05 na safe

Matata ta ajiye mini shayi ta tsaya a kaina.

"Malam, wannan littafin da kake rubutu a ciki ya fi ni jin maganarka."

Na ce lissafin ra'ayin mutane ne.

"Ra'ayin mutane ne yake sa ka goge takalmi ɗaya sau uku?"

Ban san na yi haka ba. Ta ce jiya babbarmu ta tambaye ta ko Baba fushi yake da su. Na ce ba na fushi da kowa. Ta ce, "Na sani. Da fushi ne ai da sauƙi."

Ban buɗe dandali ba.

Talata, 12 ga wata, 2:15 na rana

Na buɗe dandali.

Zancen yana nan yadda na bar shi wata takwas da suka wuce. Ni ne na kai musu shafin da kaina, na ce a ba ni shawara. Gaskiya yabo na je nema. Mutum bakwai suka amsa. Ɗaya ya ce koren ya yi yawa. Ɗaya ya ce hoton sama yana da nauyi. Wata ta ce rubutun hannun ya burge ta, na nuna wa Auta, ta yi kwana biyu tana cewa a kira ta Malama.

Baƙin Allo ne ya rubuta mai tsawo. Na kwafo shi nan kamar yadda yake:

"Malam, aikinka tsaf. Amma firam ɗin nan zai ci amanarka wata rana. Duk shafin cikin da mutum ya shiga, adireshin sama ɗaya ne. In ka kwafa ka tura wa wani, bakin ƙofa ka kai shi, ba ɗakin da kake nufi ba. Ga samfuri na haɗa maka, ba sai ka gode ba."

Amsata tana ƙasa. Dalilai biyar, da lambobi. Na ɗaya, in na gyara jerin hagu sau ɗaya ya gyaru ko'ina. Na biyu, mutanenmu sun saba. Ba zan kwafo sauran ba. Na rufe da cewa matambayi ba ya ɓata.

Ya ce, "A waya ba a ganin jerin hagun naka. Wa zai tambaya?"

Na tuna a ranar har daɗi na ji, ina ganin na fi shi hujja. Samfurin nasa ma don a ce an ba mutane zaɓi na kai shi gaban ƙungiya.

Laraba, 13 ga wata, 6:45 na safe

Na ce ba zan sake ba, amma akwai wanda na tsallake. Tsakanin na biyar da na shida yake.

Asabar da rana, ina bencin, saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba: "Salam, ina bayanin?"

Na amsa: "Yana ciki, a duba da kyau."

Na ji haushin mutumin ma. Na ce a raina mutane ba sa son karatu.

Alhamis, 14 ga wata, 4:00 na yamma

Jiya na rubuta wa Baƙin Allo. Tambaya ɗaya kawai: za a iya sa rubutun hannun a samfurinsa ba tare da firam ba? Yau da safe na tarar da amsa.

"Ashe kana raye, Malam mai dalilai biyar. Aikin minti ashirin ne. Yanka hoton gida-gida, kowane suna daban, ga yadda za ka jera. Me ya sauya maka ra'ayi?"

Na gwada a lokacin hutun rana. Minti ashirin da biyar. Hannunta yana nan, shuɗi, har da wutsiyar da take ja wa harafin ƙarshe. Kowane shafi da adireshinsa. Na buɗe a wayar ubangidana mai shago, ya fito tas.

Ke nan zan iya shiga taro in ce ga na uku, ya haɗa duka. Kowa zai yi murna. Babu wanda zai tambayi dalili. Babu yaron da zai sake rasa jini saboda ni.

Na zauna ina jiran in ji sauƙi. Mai shago ya ce, "Kai da ka gyara abu, ka yi fuska kamar wanda ya fasa."

Ban amsa tambayar Baƙin Allo ba.

Asabar, 16 ga wata, 3:30 na yamma

Nas ta zo shago da kanta, da takarda ɗaya rubuce da hannu. Ta ce a buga mata a yi kwafi arba'in. Ta zauna a kujerar masu jira, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa.

Ina bugawa ina karantawa, ba yadda zan yi. Takardar sauka ce. Ta rubuta cewa ƙungiyar da aka kafa don a tsaya wa juna, in ta kasa samo leda ɗaya ta jini ga wadda ta fi kowa yi mata hidima, to zaman shan iska ce, kuma ita ba za ta shugabanci shan iska ba. Ta ba da shawara a rufe.

Na ce, "Nas, a sake tunani."

"Na yi tunanin, Sakatare. Shekara goma sha ɗaya. Na ɗauka mun gina wani abu. Ka tura saƙo, na gani da idona ya shigo wayata, na tura wa mutum talatin ina tsaye a kan ƙanwarka. Talatin. Kowa ya ce Allah ya ba da lafiya." Ta mayar da takalmin. "Ni fa ba kai nake tuhuma ba. Kai ka yi naka."

Na jera kwafin arba'in, na daidaita gefensu, na sa a ambulan. Na miƙa mata kamar kowane aiki. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Lahadi, 17 ga wata, 8:00 na safe

Sati huɗu.

Talata, 19 ga wata, 6:30 na yamma

Ƙarfe goma Maman 'Yan Biyu ta kira, muryarta ba ta fita. Hassanar ce, an kwantar da ita tun asuba, ana neman jini. Ita ma negetib.

Wannan karon na rubuta komai a cikin saƙon kansa: rukuni, asibiti, ɗaki, lambar uwar. Na kuma manna shi a tsakiyar shafin farko da manyan baƙaƙe. Na tura wa mutum tamanin da huɗun nan dai.

Kafin ƙarfe biyu mutum bakwai sun zo. Uku sun dace.

Na je da yamma. Na tarar da ɗaya daga cikinsu a baranda, wani ƙaton mutum mai gyaran babur, hannunsa a naɗe da auduga, yana shan lemo. Ba ɗan ƙungiya ba ne, wani ne ya tura wa wani ya tura masa. Mai fara'a. Ya ce jininsa O negetib ne, asibitoci nemansa suke ruwa a jallo, har matarsa tana cewa ya fi amfani a waje.

Na yi masa godiya. Ya ce, "Ai ba komai. Wancan watan ma saƙonku ya zo mini. Na buɗe na ga Barka da zuwa da hoton mutane, na murza sama na murza ƙasa, ba lamba ba sunan asibiti. Har na nemo lambar wanda ya fara turowa na tambaya, aka ce in duba da kyau. Na ce to, ko wasa ne irin na yaran yanzu." Ya kurɓi lemonsa. "Yaya mai jikin? An dai samu ko?"

Garejinsa, in ji shi, minti goma ne daga asibitin.

Ban tuna abin da na ce masa ba. Na tuna na tsaya a bayan ɗakin wanki ina kallon wani famfo mai ɗiga.

Hassana ta farfaɗo, ta nemi biskit.

Laraba, 20 ga wata, 7:00 na safe

Minti goma.

Alhamis, 21 ga wata, 6:40 na safe

Na faɗa wa matata jiya bayan na dawo. Tana ninke kayan yara. Na fara daga na ɗaya, na bi a jere har ƙarshe, da wanda na tsallake. Ba ta katse ni ba. Ta ninke wata riga, ta warware, ta sake ninkewa.

Ta ce, "Kai kaɗai ka ɗauki wannan wata guda?"

Na ce e.

"Kana ganin ni don me aka kawo ni gidan nan, ado?"

Ta yi kuka, na yi. Daga baya na ce mata akwai hanyar da zan sauya shafin ba tare da kowa ya sani ba. Na ce Inna ba za ta iya ɗauka ba, ta rasa ɗaya, kada in sa ta rasa biyu.

Ta ce, "Inna ta rasa mutum arba'in da suke shiga ɗakinta, tana zaune cikin duhu tana tsine musu. Kai ka san ba su yi komai ba." Ta ɗora rigar a kan sauran. "Ba zan ce maka ka faɗa ba, Malam. Amma in ba ka faɗa ba, kada ka ce don Inna ne."

Juma'a, 22 ga wata, 1:10 na rana

Na buga lambobin biyu, 1,412 da 9, a takarda ɗaya, manya. Na buga maganar Baƙin Allo da amsata, duka biyar ɗin. Kwafi arba'in. Na sa a jaka, na fitar, na mayar.

Na ɗaya, talatin da ɗaya. Na biyu, babu.

Asabar, 23 ga wata, 5:50 na yamma

A ajin firamaren da ake ara mana muka yi, manya a kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Mutum talatin da shida. Injiniya ya zo a makare ya zauna a baya kusa da ƙofa. Ambulan ɗin Nas yana kan tebur, hannunta a kai.

Ta ce a fara da rahoton shafi, don ita tana da magana a ƙarshe.

Na tashi. Na karanta ƙidayar ra'ayi. Aka fara tafi, wani ya ce ai an gama. Na ce akwai saura. Na raba takardun da kaina, benci-benci, don in samu abin yi da hannuna.

Na faɗa. Ban san ko a jere na faɗa ba. Na ce kun tura, kun yi abin da na roƙe ku, mutum dubu da ɗari huɗu sun buɗe, ni ne na ba su adireshin da ba ya kai wa ko'ina. Na ce an gargaɗe ni wata takwas da suka wuce na yi gardama, ga ta nan a shafi na biyu. Na faɗi saƙon Asabar. Na faɗi mai gyaran babur.

Ana jin yara suna buga ƙwallo a fili.

Maman 'Yan Biyu ce ta fara magana, ba ta ɗago ba. "Wata guda ina jin kunyar bin layinku. Na je gaida Inna aka ce tana barci, alhali ina jin tarinta. Na koma gida ina tambayar kaina wa na manta ban tura wa ba." Ta ninke takardar gida huɗu. "Da ka faɗa, Sakatare."

Na ce haka ne.

Wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin yaran, ya ce kwana ne ya ƙare, kowa da ranarsa. Na so in riƙe maganarsa, ta ƙi riƙuwa.

Nas ta daɗe tana kallon lambobin. Ta ce, "Shekara talatin na yi a ɗakin marasa lafiya. Ban sani ba ko ledar nan za ta tsayar da ita. Ƙirjinta ya riga ya cika. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba, don duka biyun ƙarya zan yi." Sai ta buɗe jakarta ta sa ambulan ɗin a ciki ta ja zif.

Na nuna musu na ukun a wayata, aka yi ta miƙa wa juna. Aka ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, karo na farko.

Da na waiwaya, bencin baya babu kowa.

Lahadi, 24 ga wata, 4:20 na yamma

Na faɗa wa Inna. Sai da na maimaita sau biyu, ba ta gane maganar adireshi ba. Na ce, "Inna, kamar in aiki mutane gidanki in ba su kwatancen wani layi."

Ta ce, "Sun fito ke nan?"

Na ce sun fito.

Ta juya ta fuskanci bango. Na zauna awa ɗaya a gefenta. Da zan tafi ta ce, ba ta juyo ba, "Ja mini ƙofa." Ba ta ce ɗana ba.

Litinin, 25 ga wata, 11:30 na safe

Na tarar da Injiniya a bakin shago kafin in buɗe, zaune a kan akwatin kayan aikinsa. Ya miƙe ya ce, "Yaya." Na buɗe muka shiga. Bai zauna ba.

Na ce duk abin da zai faɗa ya faɗa, na cancanta.

Ya fito da wayarsa, wadda gilashinta ya tsage tun bara. Ya ce, "Ranar Asabar ɗin, da la'asar, na buɗe saƙonka a nan. Na ga Barka da zuwa. Na ce wayata ce, ka san halinta. Na fito in nuna maka, na same ka a benci ka yi barci a zaune, kwana biyu ba ka runtsa ba. Na tsaya a kanka. Sai na ce a raina, Yaya ba ya kuskure a irin wannan. Na koma ciki."

Ya goge gilashin da babban yatsa.

"Bayan kwana uku na buɗe a wayar ƙanena. Abu ɗaya. Tun ranar ba na iya kallonka. Taɓa ka kawai zan yi, Yaya. Kafaɗa kawai."

Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce, "Kai ma haka aka ce maka, ka ji sauƙi?"

Injin yana ta ƙugin ɗumama.

Ya tambaya ko na ɗora sabon. Na ce tukuna. Ya ce in ɗora yana nan. Na ɗora, yana tsaye a bayana yana kallon abin da bai gane ba. Da na gama ya ce, "Nata yana nan? Wanda ka rubuta ranar?"

Na ce ban goge ba.

"Turo mini shi. Yadda ka yi ranar, haka za ka yi."

Na shiga Sanarwa, na shiga Neman Taimako, na kwafi adireshin sama, na liƙa, na tura. Ya fita waje, wai a nan wayar ta fi kamawa. Ina hango shi ta gilashi, ya kare allon da tafin hannu saboda rana. Ya daɗe. Leɓensa yana motsi, yana karantawa a hankali kamar yadda yake yi: rukunin jini, asibiti, lambar ɗaki, lambata, tasa.

Ya dawo ya zauna a kujerar masu jira, wayar a kan gwiwa.

Ya ce, "Ya buɗe."

Wata mata ta leƙo da takardu a hannu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce za ta dawo.